Yadda zaka zaɓi kayan haɗa kwamfutar gem ta farko idan kuɗinka a ƙirge suke

Kafin ka fara tura wa masu shago saƙo kana tambayar nawa ne kaza nawa ne kaza, zauna ka amsa wa kanka tambaya biyu tukuna: wane gem kake son bugawa, kuma a wane irin allo zaka buga shi. Duk sauran lissafin daga nan yake tasowa. Mai son eFootball da EA Sports FC da GTA V da ɗan Valorant ko Fortnite buƙatarsa daban take da ta wanda ya ƙwallafa rai a kan Cyberpunk 2077 ko Red Dead Redemption 2 da komai a ƙure. Kuma in dai kuɗin ba yawa gare su ba to ka tsaya a 1080p, wato allo mai 1920 a faɗi 1080 a tsaye, ka bar maganar 1440p da 4K tukuna, don da zarar ka hau can katin hoto, wato girafik kad, da zai iya ɗaukarsu shi kaɗai zai lashe kuɗin kwamfutar gaba ɗaya.

Sai ka rubuta jimillar abin da ke hannunka, ka fara cire kuɗin monita da kibod da maus da abin kare kwamfutar daga wutar NEPA, tun yanzu ba sai daga baya ba. Mutane da yawa sai sun gama haɗa akwatin tsaf sannan su tuna babu allon da zasu jona, ƙarshe ka gansu da tsohuwar talabijin ɗin falo. Abin da ya rage bayan wannan cirewar shi ne ainihin kuɗin haɗi, kuma kaya bakwai zai saya maka: girafik kad, furosesa, madabod (bod ɗin da ake jona komai a kansa), ram, SSD (ma'ajiyar fayil), fawa (wadda ke raba wa kayan wuta), sai kes (akwatin da ake zuba su ciki). A haka zamu bi su, don kowanne shi yake faɗa maka irin na bayansa da zaka nema.

Girafik kad, a nan kuɗin zai fi tafiya

Ka ware kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin haɗin, ko ma ya ɗan ɗara, ka ce wannan na kati ne kada kowa ya taɓa. A nan yawancin sababbin shiga suke juya lissafin, su zuba kuɗi a furosesa saboda sun ji an ce i7 ko Ryzen 7, sannan da ɗan canjin da ya rage su maƙala masa GT 730 ko GT 1030, ya zama injin tirela a kan tayar keke. Gem kati yake nema kafin komai.

A 1080p wanda nake fara nuna wa kowa shi ne RX 6600 na AMD. Ya fito a Oktoba 2021, yana da 8GB, wat 132 kawai yake ci, waya ɗaya mai fil 8 ta ishe shi, kuma yawancin gem yana kai su FPS 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, ko fiye a setin mai kyau ba tare da wani kuka ba. Idan aljihu ya ɗan fi haka akwai RX 7600 da RTX 4060, duk na 2023 ne kuma duk 8GB, shi 4060 ɗin wat 115 ma yake ci, wanda ga mai amfani da inbata ko ƙaramin janareto ba ƙaramin abu ba ne. Akwai RTX 3060 mai 12GB shi ma yana nan da ransa, amma ka buɗe ido don an yi wani 3060 ɗin mai 8GB wanda ba ƙwaƙwalwar kaɗai aka rage masa ba har gudu bai kai mai 12 ba, kuma sunan ɗaya ne a jikin kwali. Wanda ya kai ga sababbin 2025 kuwa, RTX 5060 da RX 9060 XT, in da hali ka ɗauki 9060 XT mai 16GB don sababbin gem sun fara cika 8GB tun a 1080p idan ka ƙure musu kyan hoto. Intel ma suna da Arc B580 mai 12GB da ya fito Disamba 2024 a kan dala 249, kati ne mai kyau a kuɗinsa amma baya shiri da tsohon furosesa kuma dole bod ɗinka ya zama yana da wani setin da ake kira Resizable BAR a kunne, in ba haka ba zaka ga ya zama wani iri.

Idan kuɗin basu kai RX 6600 ba, ƙasa da shi akwai GTX 1660 Super mai 6GB da RX 580 mai 8GB, duk na hannu zaka same su. Zasu buga maka ƙwallo da GTA V da PUBG lafiya lau. Sai dai ka san me kake saya: RX 580 tun 2017 yake, wat 185 yake ci, zafi gare shi, kuma kasuwa ta cika da wani mai suna RX 580 2048SP wanda a gaskiya ƙarfin RX 570 ne da shi, na asalin in ka duba shi a manhajar GPU-Z 2304 yake nunawa a wajen Shaders ba 2048 ba. Sannan akwai sababbin gem irin Indiana Jones and the Great Circle da Doom: The Dark Ages da basa ko buɗewa sai kati mai rey tiresin, wato fasahar lissafa haske da inuwa, kaga waɗannan biyun sun fita kenan, shi kuwa RX 6600 yana da shi ko da ba mai ƙarfi ba ne.

Kada yawan GB ya ruɗe ka. Mai shago zai ce maka "yallaɓai 4GB ne fa", eh GT 730 ma akwai mai 4GB kuma ba abin da zai tsinana maka a gem na zamani. Lambar katin ita ce magana, GB na biye. Hanya mafi sauƙi ka shiga YouTube ka rubuta sunan katin da sunan gem ɗinka, ka kalli FPS ɗin da yake bayarwa da idonka. RX 6500 XT kuma ni dai bana ba da shawararsa, 4GB ne, layin da yake magana da bod ta cikinsu huɗu ne kacal, in ka saka shi a tsohon bod sai ya ƙara shaƙewa.

Yanzu maganar na hannu, don gaskiya mai ƙaramin kuɗi a nan yake samun sa'a kuma a nan ake yanka shi. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumba 2022 katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa, wasu lafiyarsu ƙalau wasu sun sha jiki. Ko a Beirut Road ko Farm Centre kake a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, dokar ɗaya ce, ba'a biya sai an jona a gabanka. Ka je da filash ɗinka da manhajojin gwada kati, GPU-Z da FurMark, a ciki. Fara juya katin a hannunka, duba bayan katin ko akwai inda ya yi ruwan ƙasa kamar an gasa, duba sukurorin da suka riƙe fankar ko sun sha sukundireba, shinshina shi ma ba kunya ba ce, ƙauri baya ɓuya. Juya fankokin da yatsa ka ji ko ɗaya tana gurzawa. Bayan an jona buɗe GPU-Z ka ga sunan da girman ƙwaƙwalwar sun yi daidai da abin da aka ce maka, manhajar ma tana yi maka gargaɗi idan ta gane na jabu ne. Sai ka kunna FurMark ka barshi minti 10 zuwa 15, kana kallon zafi kana kallon allon. In zafin ya doshi 90, ko ka fara ganin ɗigo-ɗigo masu kala da layuka, ko allon ya ɗauke ya dawo, ka ce Allah ya kawo kasuwa ka yi gaba. Ka gwada duk ramukan HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya. Kuma in ka ga wai GTX 1050 Ti ko sama da shi amma da ramin VGA mai shuɗin nan a jiki, tsohon kati ne aka sauya wa suna, na gaske basu zuwa da shi.

Furosesa da madabod, tare ake zaɓensu

Ba'a sayen ɗaya a bar ɗaya don kowane furosesa da soket ɗinsa, wato irin gurbin da yake zama a kan bod. Ga mai lallaɓa kuɗi hanya biyu ce mai kyau.

Ta farko AMD a kan soket AM4. Ryzen 5 5600, kor 6, wat 65, sabo a kwali yana zuwa da fankarsa, kuma ya ishi duk katunan da na lissafa a sama. Ka haɗa shi da bod B550, ko B450 in kuɗi sun matse. Abin lura da B450 shi ne ya girmi furosesan, don haka sau da yawa sai an sabunta masa BIOS, wato ƴar manhajar da ke cikin bod ɗin, kafin ya gane Ryzen 5000 irin wannan 5600 ɗin, in ba haka ba ka haɗa komai daidai ka danna fankoki su juya allo ya ƙi kawowa ka zaci wani abu ka ƙona. Ka sa mai shago ya sabunta a gabanka, ko ka nemi bod mai ɗan maɓallin nan a baya da ake sabunta BIOS da filash ko babu furosesa a kai. Sai kuma ƴan uwansa masu kama da shi a suna. Ryzen 5 5500 ya fi araha amma ma'ajiyarsa ta ciki rabin ta 5600 ce, 16MB a maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 ya tsaya, zai yi aiki amma in bambancin kuɗin kaɗan ne ka ƙara ka ɗauki 5600. Shi kuma 5600G amfaninsa ɗaya, yana da girafik a cikinsa, to in shirinka shi ne ka haɗa yanzu ka sayi kati bayan wata uku ko huɗu, shi zai riƙe ka, zaka buga Valorant da tsofaffin gem a ƙaramin setin kafin katin ya zo.

Ta biyu Intel zubi na 12 a kan soket LGA1700. Core i3-12100F kor 4 ne amma kar ka raina shi, a gem yana wuce tsofaffin i7 nesa ba kusa ba. In da hali i5-12400F mai kor 6 shi ne daidai da 5600. Bod ɗinsu H610 in ana neman sauƙi, B660 ko B760 in ana son abin da ya fi. Harafin F ɗin nan na ƙarshe yana nufin babu girafik a ciki, ba kati ba hoto, haka shi ma Ryzen 5 5600 ɗin. Sannan bod na LGA1700 iri biyu ne, akwai mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, kuma ba'a musanya su, ka karanta jikin kwalin da kyau.

Wani zai ce to AM5 fa, su Ryzen 5 7600 da 7500F? Suna da kyau kuma sun fi tsawon rai a gaba, amma DDR5 kaɗai suke ci kuma bod ɗinsu ya fi tsada, in kuɗin da zaka ƙara a can daga na kati zai fito to bai biya ba.

Abin da nake so ka kiyaye da gaske shi ne tarkon "Core i7". i7-3770 na 2012 ne, i7-4790 na 2014, har yanzu ana tallarsu a matsayin kwamfutar gem da fitilu a jiki. Lambar da ke bayan i7 ɗin ita ke faɗa maka zubin. Kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana son Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama tare da TPM 2.0, ga gem irin Valorant a kan Windows 11 da Battlefield 6 suna tambayar matakan tsaron nan biyu, TPM da Secure Boot, kafin su bari ka shiga. Haka haɗin Xeon da bod X99 da ake odarsu daga Chana da arha, suna da masoyansu, amma ba na wanda yake haɗin farko ba ne. Su Dell OptiPlex da HP na ofis da ake cewa saya ka ƙara kati kawai, yawancinsu fawarsu ƙarama ce kuma wayoyinta ba irin na kowa ba ne, siririn kes ɗin ma kati mai tsayi baya shiga.

A jikin bod ɗin kansa abin da zaka duba kaɗan ne: ramin M.2 aƙalla ɗaya, ramukan ram huɗu in zai yiwu, girman micro-ATX don ya fi araha kuma ba abin da zaka rasa. Yawancin masu arha basa zuwa da wayfai, in ba waya zaka ja daga rauta ba ka tanadi ɗan abin USB ko ka ɗauki bod mai shi. In na hannu ne kuma na Intel, haska fitilar waya cikin soket ɗin ka duba siraran fil ɗin nan ko akwai wanda ya kwanta, a AM4 kuma fil ɗin a jikin furosesan suke, can zaka duba.

Ram

16GB, kuma sanda biyu masu 8GB ba ɗaya mai 16 ba. Biyun suna aiki ne a layi biyu lokaci guda, bambancin kana ganinsa a gem musamman wajen ƴar kakkafewar nan da take zuwa ana tsaka da wasa, kuma in 5600G ka ɗauka to wannan ya zama dole don girafik ɗinsa daga ram yake ci. DDR4 3200 CL16 ya wadatar, in ka samu 3600 a kusan kuɗi ɗaya ɗauka. Ka saye su a kwali ɗaya, iri ɗaya. Ram ɗin laftof gajere ne baya shiga, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin AI suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, shi ya sa ram na hannu ya zama abin dubawa, kuma cikin duk kayan kwamfuta yana cikin waɗanda basu cika lalacewa ba, ka dai gwada shi da manhajar MemTest86. Maganar 32GB ka barta sai gaba, shi ya sa na ce ka nemi bod mai rami huɗu. Wajen sakawa in ramukan huɗu ne, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake fara cikawa a yawancin bod.

SSD

NVMe mai shiga ramin M.2, 1TB in zai yiwu. 512GB zai yi maka kamar da yawa har sai ka ga Red Dead Redemption 2 shi kaɗai yana neman 150GB, GTA V ya haura 100GB, Call of Duty kuwa ba'a magana. Kuma a inda data take da tsada goge gem don a samu wuri sannan a sake sauke shi asara ce zalla, gara wurin ya wadata. Ba sai ka bi mai gudun 7000MB a daƙiƙa ba, Gen3 mai yin wajen 3500MB a daƙiƙa da Gen4 a gem kusan ba zaka bambance su ba. Tsohon hadis mai juyawa ka barshi ya zama ma'ajiyar fina-finai da ajiyar gem, kar ka ɗora Windows a kai. SSD kam na fi son sabo daga sunan da aka sani, su WD, Samsung, Kingston, Crucial, Lexar, don na jabu sun yi yawa, zaka ga an rubuta 1TB ko 2TB a farashin banza, yana cika wani ɗan adadi sai fayil su fara lalacewa. In dole na hannu ne buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Fawa, da maganar wutarmu

Nan ne bana yarda a rage ko sisi. Duk sauran kayan in sun mutu su kaɗai suke mutuwa, ita fawa in zata tafi tana iya jan kati da bod su tafi tare, kuma araha bata ado. Mu da ake ɗauke wuta a kawo ba sallama, wani lokaci ta zo ba ƙarfi wani lokaci ta zo da hauka, ga sauyi daga NEPA zuwa janareto, fawa ita ce take karɓar duk wannan dukan.

Haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600 gaba ɗayansa ana tsaka da gem baya wuce wat 300, don haka 550W mai kyau ta ishe shi har da sarari, 650W kuma in kana tunanin ƙara kati gaba. Ka nemi su Corsair, Seasonic, Cooler Master, MSI, be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, amma ka sani tambarin nan ƙarancin ɓarnar wuta yake aunawa ba ingancin kayan ciki ba, kuma kowane kamfani yana da na kirki yana da na baya, don haka rubuta ainihin lambar samfurin a intanet ka ga me masu gwaji suka ce.

Ga yadda zaka kama ta bogi a tsaye a shago. Juya gefenta akwai takarda mai jadawali, nemi inda aka rubuta +12V ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, sai ka ninka da 12. Kati da furosesa daga layin nan suke sha. Fawa mai 550W ta gaske zaka ga wajen 45A, wato wat 540 kenan. Ta bogi an buga 500W ɓaro-ɓaro a jiki amma 12V ɗinta 18A ne, ninka ka gani, wat 216. Ɗaga ta ma a hannu, zaka ji ta sakayau kamar ba komai a ciki. Irin wadda ake haɗowa kyauta da kes mai arha kusan duk haka suke, cire ta ka ajiye. A takardar dai ka duba inda aka rubuta wutar shiga, wadda ta ce 100 zuwa 240V ta fi jure wa wuta mara ƙarfi fiye da wadda ta ce 200 zuwa 240V kawai. Ka tabbatar tana da wayar PCIe mai fil 6+2 da katinka yake so, kada ka yarda da ƴan adaftan nan da ake jonawa daga wayar SATA, narkewa suke. Fawa ta hannu kuwa ni ba ruwana da ita, baka san me ta gani ba.

Daga bango kuma, in unguwarku wuta na yawan yin ƙasa saka sitabilaiza. UPS ya fi, don ko minti biyar ya baka ka fita daga gem ka kashe lafiya ya yi aikinsa, amma kar lambar VA ta yaudare ka, ƙaramin nan mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake ɗauka, ka haɗa da monita kaga ya zo wuya, nemi 1000VA zuwa sama. Kuma fawa ta zamani ta fi shiri da UPS ko inbata mai fiyo sayin web (pure sine wave), wato mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA, wasu in aka basu wanda ba shi ba sai su yi ƙara ko su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wutar. Ƙaramin janareto kuma kar ka jona kai tsaye, sannan a kashe kwamfutar kafin a yi canji.

Kes da zafi da ƙura

Kes mai raga a gaba, ba mai gilashi ko roba a toshe ba. Wanda ya san watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da zafi ke haura 40 ya san iskar da kwamfutar zata shaƙa ma da zafinta take shiga, to ina ga an toshe mata hanci. Fanka biyu a gaba suna jawowa, ɗaya a baya tana fitarwa, ya isa, kuma da yake masu shigarwa sun fi yawa ƙura bata cika kutsawa ta ƙananan ramuka ba. Ka nemi mai tacen ƙura da ake zarewa a wanke, lokacin hunturu zaka gode wa kanka, kuma ka ɗora kes ɗin a kan tebur ko wani katako kar ka ajiye shi a kan kafet. Duba tsawon katin da kes ɗin yake ɗauka a milimita ka gwada da na katinka. Fitilun RGB kuwa, wallahi ko FPS ɗaya basa ƙarawa, in sun zo a kyauta to, in da kuɗi ne mayar da kuɗin kan SSD.

Fankar da ta zo da furosesa zata yi aiki, sai dai ƙara da ɗan zafi. In furosesan ba kwali ya zo, ko ɗakinka ba iska, ƴar hasumiyar nan mai fanka ɗaya ta su Thermalright ko DeepCool ko ID-Cooling ba tsada gare ta ba kuma ta wadatar. Mai sanyaya furosesa da ruwa ba naka ba ne yanzu.

Monita inci 24, 1080p, IPS, 144Hz ko sama, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, mai FreeSync da ke hana hoto yagewa. In ƙwallo kawai kake bugawa da pad ko 75Hz ma ba laifi, amma mai harbi irin Valorant da Warzone zai ji bambancin 144 a hannunsa.

Kafin ka biya

Shiga shafin PCPartPicker a intanet ka jera duk abin da ka zaɓa. Farashin da ke ciki ba na kasuwarmu ba ne kar ka kula shi, abin da kake so shi ne ya nuna maka in soket bai dace ba, ko ram ba irin na bod ɗin ba ne, ko BIOS na son sabuntawa, ya kuma ƙiyasta maka wat. Misalin jerin da kayansa suka dace da juna: Ryzen 5 5600, bod B550 micro-ATX, 16GB DDR4 3200 sanda biyu, RX 6600, NVMe 1TB, fawa 550W Bronze, kes mai raga. In kuɗi sun gaza ka rage daga kes, sannan bod ya koma B450 ko A520, sannan SSD ya koma 512GB, sannan furosesa ya koma 5500 ko i3-12100F da H610, kati shi ne na ƙarshen taɓawa, fawa kuma ba'a taɓa ta sam.

Kada ka riƙa saye ɗaya-ɗaya wata bayan wata kana tarawa a ƙarƙashin gado. Garantin kayan hannu a kasuwa ƴan kwanaki ne, in ka sayi kati yau baka da inda zaka jona shi sai bayan wata uku, ranar da ka gano yana da matsala mai shago ya ma manta fuskarka. Tara kuɗin, sayi komai cikin sati ɗaya, in ma dole sai ka fara da wani abu to kes ne da fawa sabuwa. Kowane kaya a rubuta maka rasit da lambar siriyal ɗinsa da kwanakin da aka baka na gwaji, in oda ce daga Legas kuma a turo maka bidiyon katin yana aiki da siriyal ɗin a fili kafin ka tura kuɗi.

Ranar da ka haɗa, wayar monita a jikin kati ake jona ta, can ƙasa, ba a ramin bod na sama ba. Shiga BIOS ka kunna XMP, setin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, a bod ɗin ASUS na AMD DOCP suke ce masa, in ba haka ba ram ɗinka mai 3200 zai zauna a 2133 ko 2400, ka kunna Resizable BAR a nan ɗin ma. Sauke direban kati daga shafin AMD ko NVIDIA ko Intel kai tsaye, sannan ka shiga setin ɗin allo na Windows ka ɗaga shi zuwa 144Hz da hannunka don sau da yawa a 60 yake tsayawa. Daga nan ka buga gem mai nauyi awa biyu ko uku kana duba zafi da HWiNFO tun kwanakin garantin basu ƙare ba, kwalaye da rasit kuma a ajiye su wuri ɗaya.